Malalar mai: Yadda doka da kwangila ke tilasta wa kamfanoni zama cikin shiri

A duk lokacin da jirgin dakon mai ya yi haɗari a teku, ko bututu ya fashe, ko kuma rijiyar mai ta ƙwace wa masu haƙarta, abin da aka yi a sa'o'in farko shi ne ke nuna girman ɓarnar da za ta biyo baya.

Ɗanyen mai yakan bazu a kan ruwa cikin hanzari, kuma da zarar iska da igiyar ruwa sun kai shi gaɓa, aikin da zai ɗauki kwanaki sai ya koma na shekaru.

Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama ba a barin kamfani ya haƙi mai ko ya yi dakonsa, sai ya nuna cewa ya riga ya ƙulla yarjejeniya da waɗanda za su kawo ɗauki idan ta ɓaci. Ana biyan waɗannan mutane kuɗi duk shekara domin su zauna cikin shirin ko-ta-kwana da kayan aikinsu, ko an yi haɗari ko ba a yi ba.

Asalin lamarin

Akasarin dokokin da ake aiki da su a wannan fanni sun samo asali ne daga wasu manyan haɗurra.

A ranar 16 ga watan Maris na shekarar 1978, sitiyarin wani jirgin dakon mai da ake kira Amoco Cadiz ya lalace a kusa da gaɓar yankin Brittany na ƙasar Faransa, a daidai lokacin da teku ke tumbatsa.

Wani jirgin jan jirage na ƙasar Jamus mai suna Pacific ya kai ɗauki, amma sai aka shiga ja-in-ja tsakanin matuƙan jiragen biyu a kan sharuɗɗan aikin, yayin da matuƙin Amoco Cadiz ke ta tuntuɓar masu jirgin a birnin Chicago na Amurka.

Igiyar da aka ɗaura wa jirgin ta tsinke, kuma da dare ya yi sai ya daki duwatsu. Sama da tan dubu 220 na ɗanyen mai ya malale a teku.

Shekaru 11 bayan haka, a ranar 24 ga watan Maris na 1989, jirgin Exxon Valdez ya yi karo da duwatsu a mashigin ruwan Prince William da ke jihar Alaska ta Amurka, inda kimanin galan miliyan 11 na mai ya zube.

Alhakin kai ɗaukin farko yana wuyan kamfanin Alyeska ne, wanda manyan kamfanonin mai suka kafa domin gudanar da bututun man Alaska. Shirin da ya miƙa wa hukuma ya ce kayan aiki za su isa wurin haɗari cikin sa'o'i biyar.

To sai dai a daren da abin ya faru, jirgin da aka tanada domin ɗaukar kayan yana jiran gyara, an kuma sauke kayan da ke cikinsa, wasu ma dusar ƙanƙara ta binne su. Sai da aka shafe sama da sa'o'i 12 kafin ya isa.

An yi kusan kwanaki uku teku na kwance lafiya, amma ba a iya kwashe wani abin kirki ba. Daga nan guguwa ta taso ta watsa man, har ya taɓa gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 2,000. An ƙiyasta cewa tsuntsayen teku kusan dubu 250 ne suka mutu.

Dokokin shekarar 1990

A watan Agusta na 1990, shugaban Amurka George Bush babba ya sanya hannu a kan dokar hana gurɓata ruwa da mai, wadda ta sauya yadda ake kallon batun baki ɗaya.

Dokar ta wajabta wa kowane jirgin dakon mai da ke shiga ruwan Amurka, da kowace tashar mai da ke iya jawo babbar ɓarna, su mallaki rubutaccen shirin tunkarar malala mafi muni da za ta iya aukuwa gare su.

Muhimmin abin da ta zo da shi shi ne cewa alkawarin baka bai wadatar ba. Dole ne kamfani ya tabbatar, ta hanyar kwangila ko wata hanyar da hukuma ta amince da ita, cewa akwai ma'aikata da kayan aikin da zai kira su amsa.

Haka kuma sai ya bayyana sunan wani jami'i guda da aka bai wa cikakken ikon ba da umarnin fara aiki da kashe kuɗi nan take, ba tare da jiran izinin hedkwata ba.

A cikin watan Nuwamban shekarar, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta amince da wata yarjejeniya a birnin London a kan shiri da haɗin kai wajen tunkarar malalar mai. Yarjejeniyar, wadda aka fi sani da OPRC, ta fara aiki a 1995, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga cikinta.

Ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin kafa hukumar da za a riƙa kai wa rahoto, da tsara shirin ƙasa, da tanadar kayan aiki, da kuma taimaka wa maƙwabta idan suka nema. Ta kuma buƙaci jirage da tashoshin ruwa da masu haƙar mai a cikin teku su mallaki nasu shirin.

Abin da kwangilar ta ƙunsa

Irin wannan kwangila takan kasu kashi biyu ta fuskar kuɗi. Akwai kuɗin zama cikin shiri, wanda ake biya duk shekara, akwai kuma kuɗin aiki, wanda ake biya idan an kira masu ɗaukin, bisa farashin da aka riga aka daddale.

Daddale farashi tun kafin haɗari shi ne ke hana irin cinikin da aka yi a kan Amoco Cadiz. Masu iya magana kan ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwangilar takan lissafa kayan da za a tanada da wuraren da za a ajiye su. Daga ciki akwai shingen roba mai yawo a kan ruwa da ake kewaye mai da shi, da injunan kwashe mai daga saman ruwa, da jiragen da za a zuba abin da aka kwaso, da sinadarin da ake fesawa domin tarwatsa man, wani lokaci har da jiragen saman da za su yi feshin.

Takan kuma ƙayyade lokaci. A ƙa'idojin hukumar gadin gaɓar tekun Amurka, ana tsara shirin jirgin dakon mai ne a kan cewa rukunin farko na kayan aiki zai isa cikin sa'o'i 12 a manyan tashoshi masu yawan zirga-zirga, da kuma sa'o'i 24 a akasarin sauran wurare.

Amma ƙa'idojin sun fayyace cewa waɗannan alkaluma ma'aunin tsara shiri ne, ba su zama tabbacin abin da zai faru ranar haɗari ba, domin yanayin sama da na teku na iya hana fita. Wannan batu na daga cikin abubuwan da masu fafutukar kare muhalli suka daɗe suna suka a kai.

Sauran sharuɗɗan sun haɗa da horar da ma'aikata, da gyaran kayan aiki a kai a kai, da atisaye, ciki har da na ba-zata wanda hukuma kan kira ba tare da sanarwa ba.

Daga shekarar 2011, Amurka ta faɗaɗa wannan tsari, inda ta wajabta wa jiragen dakon mai su ƙulla yarjejeniya tun da wuri da kamfanonin ceton jirage da na kashe gobara a teku, tare da bayanin yadda za a biya su.

Matakai uku

Babu kamfanin da zai iya ajiye kayan tunkarar kowace irin malala shi kaɗai, don haka aka raba aikin zuwa matakai uku.

Mataki na farko shi ne ƙaramar malala da kamfani zai magance da kayan da ke wurin aikinsa. Na biyu shi ne wadda ta fi ƙarfinsa, sai ya nemi taimakon kamfanonin da ke maƙwabtaka da shi ko wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta ƙasa. Na uku shi ne babban bala'i da ke buƙatar kayan aiki daga ƙasashen waje.

Fitaccen misali a mataki na uku shi ne kamfanin Oil Spill Response Limited, wanda kamfanonin mai suka kafa a 1985 a birnin Southampton na Ingila. Mambobinsa na biyan kuɗi duk shekara, shi kuma yana ajiye kaya da ƙwararru a sassa daban-daban na duniya domin tura su ta jirgin sama a duk lokacin da aka kira.

Shiri a kan takarda

Haɗarin da ya fi tona asirin raunin wannan tsari shi ne wanda ya auku a tekun Mexico a ranar 20 ga watan Afrilu na 2010, lokacin da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga ya kama da wuta, ma'aikata 11 suka rasa rayukansu.

Bakin rijiyar yana can ƙarƙashin ruwa mai zurfin kimanin mita 1,500, kuma ta shafe kwanaki 87 tana aman mai kafin a toshe ta a ranar 15 ga watan Yuli.

Kamfanin BP yana da shirin da hukuma ta amince da shi, mai shafuka sama da 500, yana kuma da kwangila da kamfanonin kai ɗauki. Shirin ya ce za a iya kwashe kusan ganga dubu 500 a kowace rana, alhali abin da rijiyar ke fitarwa bai wuce ganga dubu 50 zuwa 60 da 'yan kai ba.

Duk da haka, ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna cewa kimanin kashi uku cikin ɗari na man ne kawai aka kwashe daga saman ruwa, aka kuma ƙone kashi biyar.

Da aka koma aka karanta shirin, sai aka tarar ya lissafa wata dabba mai haure da ake kira walrus a cikin halittun da za a kare, alhali a tekunan ƙanƙara na arewacin duniya take rayuwa. Ya kuma sanya sunan wani masani a jerin waɗanda za a tuntuɓa, wanda ya riga ya rasu tun a 2005.

A zaman da majalisar wakilan Amurka ta yi a watan Yuni na 2010, an gano cewa shirye-shiryen kamfanonin ExxonMobil da Chevron da ConocoPhillips da Shell kusan iri ɗaya ne da na BP, domin kamfanin ba da shawara guda ne ya rubuta su.

Babban giɓin shi ne cewa babu wanda ya tanadi abin toshe rijiyar da ta ƙwace a irin wannan zurfi. Sai a lokacin da man ke malala aka shiga ƙera shi.

Kafin ƙarshen watan Yuli na shekarar, kamfanonin huɗu suka ba da sanarwar zuba dala biliyan ɗaya domin kafa wani kamfanin da zai riƙa ajiye ƙaton murfin ƙarfe na toshe bakin rijiya. Daga 2013 kuma aka ajiye irin waɗannan murafe a Norway da Brazil da Afirka ta Kudu da Singapore domin amfanin masu haƙar mai a sauran sassan duniya.

Wa zai biya?

Aikin haƙar mai ba kamfani guda ke yin sa ba. A rijiyar da ta yi haɗari, BP ne mai lasisi, dandalin haƙar na Transocean ne, yayin da Halliburton ya yi aikin siminti.

Bisa al'adar wannan sana'a, kwangila kan raba alhaki tun kafin a fara aiki. Mai dandali yana ɗaukar nauyin gurɓatar da ta taso daga kayansa a saman ruwa, mai lasisi kuma yana ɗaukar nauyin man da ya fito daga cikin rijiya.

A watan Janairu na 2012, alƙali Carl Barbier na kotun tarayya da ke New Orleans ya yanke hukuncin cewa wannan sharaɗi yana nan daram, don haka BP ne zai ɗauki nauyin diyyar da mutane ke nema daga Transocean a kan man da ya fito daga rijiyar.

Amma ya ce kwangila ba za ta kare Transocean daga tarar gwamnati ko diyyar ladabtarwa ba, domin an yi su ne don hukunta mai laifi da kansa.

A 2014 alƙalin ya samu BP da laifin mummunan sakaci, ya kuma ɗora masa kashi 67 cikin ɗari na alhakin haɗarin, Transocean kashi 30, Halliburton kashi uku. A 2016 ya amince da sulhun dala biliyan 20.8 tsakanin BP da gwamnatin tarayya da jihohi biyar.

Gwamnatoci ma na ɗaukar haya

Ba kamfanoni kaɗai ke sayen zama cikin shiri ba. Bayan haɗarin Amoco Cadiz, Faransa ta fara hayar manyan jiragen jan jirage da ke zaman jiran kira a tashoshinta, ciki har da tashar Brest.

Tarayyar Turai kuma, bayan nutsewar jirgin Erika a 1999 da Prestige a 2002, ta ɗora wa hukumarta ta kiyaye haɗurran teku, EMSA, nauyin ƙulla kwangila da jiragen 'yan kasuwa. Jiragen na ci gaba da harkokinsu na yau da kullum, amma idan aka kira su dole ne su ajiye aikin, su ɗauki kayan kwashe mai, su tashi cikin sa'o'i 24.

Matsalar irin wannan tanadi ita ce idan aka daɗe ba a yi haɗari ba, sai a fara ganin kamar asarar kuɗi ce. Burtaniya ta yi hayar jiragen ceto bayan haɗarin jirgin Braer a 1993, amma a 2011 gwamnati ta soke kwangilar jiragen huɗu saboda tsimin kuɗi, daga baya ta maido da guda ɗaya a arewacin Scotland bayan ƙorafin jama'a.

Halin da ake ciki a Najeriya

Tun a 1981 kamfanonin mai da ke aiki a Najeriya suka kafa ƙungiyar Clean Nigeria Associates domin taimaka wa juna a mataki na biyu.

A 2006 aka kafa hukumar gano malalar mai da tunkararta, NOSDRA, wadda aka ɗora wa nauyin aiwatar da shirin ƙasa kamar yadda yarjejeniyar OPRC ta buƙata. A ƙarƙashin shirin, mataki na farko ya tsaya a tan bakwai, na biyu ya kai tan 700, abin da ya haura haka kuma ya shiga mataki na uku.

Dokar ta 2006 ta ce kamfanin da ya kasa ba da rahoton malala cikin sa'o'i 24 zai biya tarar naira dubu 500 a kan kowace ranar jinkiri, wanda ya ƙi tsabtace wurin kuma zai biya naira miliyan ɗaya. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba a wurin kamfanin mai.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a kan ƙasar Ogoni a watan Agusta na 2011 ya ce hukumomin sa ido na fama da ƙarancin kayan aiki, har sukan dogara da kamfanonin da suke bincika wajen isa wuraren da mai ya malala. Ya kuma ce maido da muhallin yankin na iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30.

A garin Bodo na jihar Ribas, bututun Shell ya yi ta tsiyaya na tsawon makonni a 2008. A watan Janairu na 2015 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 55 ga masunta kimanin dubu 15 da al'ummar garin, bayan ƙarar da suka shigar a London.

A watan Disamba na 2011, kimanin ganga dubu 40 ta malale a filin mai na Bonga da ke cikin teku, abin da ya sa NOSDRA ta ci Shell tarar dala biliyan 3.6, wadda kamfanin ya ƙalubalanta a kotu. A watan Nuwamba na 2021 kuma wata rijiyar kamfanin Aiteo a yankin Nembe na jihar Bayelsa ta shafe fiye da wata guda tana aman mai da iskar gas, sai da aka kawo ƙwararru daga waje kafin a toshe ta.

Babban abin taƙaddama a yankin Naija Delta shi ne musabbabin malala. Dokar bututun mai ba ta tilasta wa kamfani biyan diyya idan wasu ne suka fasa bututu da gangan, ko da yake tsabtace wurin yana nan a wuyansa. Kamfanoni na cewa ɓarayin mai ne ke haddasa akasarin malalar, al'ummomi da ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma na cewa tsufan bututu da rashin kulawa na da kaso mai yawa.

A watan Janairu na 2021, kotun ɗaukaka ƙara da ke Hague ta ƙasar Holland ta umarci reshen Shell na Najeriya ya biya wasu manoman Oruma da Goi diyya, ta kuma ba da umarnin a sanya na'urar gano tsiyaya a bututun Oruma. A nan kotu ce ta tilasta tanadin da kamfani bai yi da kansa ba.

Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta wa masu lasisi zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ta kuma tanadi cewa za a cire kuɗin gyaran ɓarnar da aka yi da gangan daga kason al'ummar da abin ya faru a yankinta.

Mai a yankin Sahel

Batun ya daina zama na mazauna bakin teku kaɗai. Bututun da ya tashi daga Doba a ƙasar Chadi zuwa Kribi a Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, ya fara aiki a 2003, kuma shirin tunkarar malala na cikin sharuɗɗan da Bankin Duniya ya gindaya kafin ya tallafa wa aikin.

A 2013 gwamnatin Chadi ta dakatar da ayyukan kamfanin CNPC na ƙasar Sin bisa zargin gurɓata muhalli, aka kuma sasanta a 2014 a kan dala miliyan 400.

A Jamhuriyar Nijar, bututun da ke kai ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara aiki a 2024. A watan Yunin shekarar wata ƙungiyar 'yan tawaye ta yi iƙirarin kai masa hari.

A Najeriya kuma, a watan Nuwamba na 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe.

Malala a kan tudu ta bambanta da ta teku. Abin da ke cikin haɗari shi ne gonaki da makiyaya da rijiyoyi da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka nisan da ke tsakanin bututu da wurin ajiyar kayan aiki, da lokacin da aka ƙayyade domin isa wurin haɗari, da ikon hukuma na kiran atisaye ba tare da sanarwa ba, na daga cikin sharuɗɗan da za su fi shafar manoma da makiyaya a yarjejeniyoyin da gwamnatocin yankin ke ƙullawa da kamfanonin mai.